Tashar Wuta a Harabar Cibiyar Bayanai: Ina Ainihin Ribar Take?

Duk wutar lantarkin da ta shiga cibiyar adana bayanai, zafi take komawa. Kwamfuta ba ta ɗaga kaya, ba ta tura mota. Lissafi take yi, kuma duk abin da ta sha sai ya fito ta bayanta a matsayin iska mai ɗumi. Shi ya sa mai cibiya yake biyan kuɗin wuta sau biyu: na farko don kwamfutocin su yi aiki, na biyu don a fitar da zafin da aikin ya haifar. To, a irin wannan gini da ba shi da damuwar da ta wuce rabuwa da zafi, sai ga masu ba da shawara suna cewa a girke injin gas a harabarsa, injin da fiye da rabin abin da yake ci zafi yake zama, wai hakan zai rage kuɗin wuta. Da jin farko maganar ba ta zauna ba. Akwai gaskiya a cikinta, sai dai ba a inda takardun talla suke nunawa gaskiyar take ba.

Dalilin da ya sa maganar ta taso da ƙarfi yanzu ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin bayanai sun sha yunit biliyan 415 na lantarki, kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya, kuma tana hasashen adadin zai haura ninki biyu zuwa 2030. Yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa guda. A Amurka, rahoton cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley ya nuna sun sha kashi 4.4 na wutar ƙasar a 2023. A Ayalan kuwa sun ci kashi 21 a 2023 ɗin. Ga kamfani guda, lissafin ya fi haka sauƙi. Cibiyar da ke jan megawat 10 dare da rana tana shan yunit miliyan 87.6 a shekara. In farashin yunit ya motsa da santi ɗaya kacal, wato ɗaya bisa ɗari na dala, dala dubu 876 ce ta shigo ko ta fita. Mai irin wannan lissafi dole ya saurari duk wanda ya ce masa akwai wuta mai rahusa.

Tsarin da ake magana a kai, wanda injiniyoyi ke kira CHP, wato samar da lantarki tare da amfani da zafin da injin ya fitar, tsoho ne. Duk tashar da ke ƙona makamashi don samar da lantarki tana asarar kaso mai yawa ta hanyar zafi. Tsohuwar tashar kwal tana mayar da kusan kashi ɗaya bisa uku na makamashinta lantarki, sauran ya bi hayaƙi da ruwan sanyaya injina. Babu yadda za a yi a kai zafin nan garin da ke nisan kilomita ɗari biyu, don haka ake zubar da shi. Amma in tashar tana jikin ginin da ke bukatar zafi, sai a tare shi a yi amfani da shi. Ana yawan ambaton tashar Pearl Street da Thomas Edison ya buɗe a New York a 1882 a matsayin ta farko da ta haɗa sayar da lantarki da tururi. Matatun mai, masana'antun takarda, manyan asibitoci da jami'o'i sun daɗe a kan wannan tsari, kuma a Denmak kusan kashi biyu bisa uku na gidaje suna samun ɗumi ne daga bututun ruwan zafi na gari. Duk waɗannan suna da abu ɗaya: zafin suke so. Cibiyar bayanai ba ta so.

Abin da ya haɗa su shi ne wata na'ura mai samar da sanyi daga zafi, kuma ya kamata a fahimce ta da kyau, don a kanta lissafin duka ya rataya. Na'urar sanyi da aka saba da ita tana da kwamfiresa mai shan lantarki. Ita wannan ba ta da kwamfiresa. A cikinta akwai tukunyar da aka zuƙe wa iska har ruwa ya kan tafasa a cikinta a digiri huɗu ko biyar kacal na ma'aunin Salshiyas. Ruwa in zai zama tururi sai ya jawo zafi daga abin da ke kusa da shi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki in yana bushewa. Abin da ke kusa da shi a nan shi ne bututun ruwan da ke zagayawa ɗakin kwamfutoci, sai ruwan ya fito da sanyi. Tururin da ya tashi kuma, wani ruwan gishiri mai kauri, na litiyam buromaid, shi ke tsotse shi, don gishirin yana da ƙishin danshi ƙwarai. In ya sha ya tsinke, ba ya iya ƙara sha, sai an dafa shi ruwan ya fita ya koma da kaurinsa. Wannan dafawar ita ce aikin zafin injin. Haka abin zai yi ta zagayawa, ba ya bukatar lantarki sai ɗan abin da famfuna za su ci. Bafaranshe Ferdinand Carré ya ƙera irin wannan na'ura tun ƙarshen shekarun 1850, da ruwa da amoniya, kafin wutar lantarki ta shiga gidaje.

An gwada haɗin a cibiyoyin bayanai, kuma ya yi aiki. A 2009 Jami'ar Syracuse da ke jihar New York ta buɗe wata cibiya tare da kamfanin IBM, da ƙananan injinan tabain guda 12 na kamfanin Capstone, kowanne kilowat 65. Hayaƙinsu ke tafiyar da na'urorin sanyi biyu, sanyin ya ishi cibiyar har ya yi rara ana tura wa ginin da ke maƙwabtaka da ita. A riƙe maganar ginin maƙwabtan nan, za a dawo kanta.

Yanzu sai lissafi. A ɗauki injin gas mai fistin, ɗan'uwan injin mota ne sai dai ƙato, irin waɗanda Jenbacher, Wärtsilä da Caterpillar suke ƙerawa. Masu kyau a cikinsu suna mayar da kashi 40 zuwa 45 na gas ɗin lantarki. A ce kashi 42. Don a samu megawat 10 na lantarki, sai an ƙona gas mai ƙarfin kusan megawat 24. Cikin 14 da suka rage, ana iya tare kimanin 10: wani sashe daga ruwan da ke sanyaya jikin injin, wanda ke fitowa a wajen digiri 90, wani sashen daga hayaƙin salansa mai digiri 400 ko fiye. Goma da goma ashirin, cikin ashirin da huɗu. Daga nan ne kashi 80 da ɗoriya da ake bugawa da manyan haruffa a takardun talla ya fito. Adadin ba ƙarya ba ne. Sai dai an haɗa abu biyu ne da darajarsu ba ɗaya ba, aka ƙirga su ɗaya.

Ga yadda abin yake. Na'urar sanyi mai aiki da ruwan zafi tana ba da sanyi kusan 0.7 a kan kowane ma'auni ɗaya na zafi da aka ba ta. Megawat 10 na zafi ya zama megawat 7 na sanyi ke nan. Tambayar da mai biyan kuɗi zai yi ita ce: da a ce da lantarki na samar da wannan sanyin, nawa zan ci? Babbar na'urar sanyi ta zamani mai kwamfiresa, wadda ake sanyaya ta da ruwa, tana ba da sanyi shida ko fiye a kan kowane ɗaya na lantarki. Bakwai a raba da shida, ɗaya da ɗan ɗori. Wato duk zafin nan na megawat 10 da aka sha wahalar tarewa, wutar megawat 1.2 kawai ya tanada. In aka ɗora a kan goman da injin ya samar, an samu 11.2 cikin 24, kashi 47 cikin ɗari. Babbar tashar gas ta zamani, wadda ke amfani da hayaƙin injinta ta dafa tururi ta juya inji na biyu, tana kai kashi 60. Ko an cire kashi biyar ko shida da ke ɓacewa a kan waya, har yanzu ita ce a gaba.

Akwai abubuwan da ke gyara wannan adadi. Na'urar sanyi mai hawa biyu, wadda ke cin hayaƙin kai tsaye ko tururi ta yi amfani da zafin sau biyu, tana ba da 1.2 zuwa 1.4, amma sashen salansa kaɗai ke da zafin da zai tafiyar da ita. A ƙasa mai zafi kuma, inda na'urorin lantarki masu sanyaya kansu da iska suke ba da uku kacal da tsakar rana, sanyin megawat 7 zai tanadi wutar da ta haura megawat 2. Ribar ta ninka. Amma a nan ma da sauran rina a kaba. Na'urar mai aiki da zafi dole ta zubar da zafin ɗakin kwamfutoci haɗe da zafin da aka dafa ta da shi, kusan ninki biyu na abin da mai kwamfiresa ke zubarwa, kuma galibi ta hasumiyar da ke ƙafar da ruwa ake yin haka. Wuraren da suka fi bukatar sanyin sau da yawa su ne ba su da ruwan.

To in ba ta fannin kimiyya ribar take zuwa ba, ta ina take zuwa? Ta takardar kuɗin wuta. Abin da kamfani ke biya a kan yunit ba kuɗin samar da wutar kaɗai ba ne. Akwai kuɗin manyan layuka da taransfoma, akwai haraji, akwai kuɗin da ake yanka wa mutum gwargwadon mafi girman wutar da ya ja a wata, akwai kuɗin ajiye tashoshi cikin shiri don ranar da bukata za ta kai ƙololuwa. Wannan na ƙarshe ya yi tashin gwauron zabi a wasu wurare. A kasuwar PJM, wadda ke kula da wutar jihohi 13 na Amurka da birnin Washington, gwanjon da aka yi a Yulin 2024 ya ɗaga farashinsa daga dala 28.92 zuwa dala 269.92 a kan megawat a rana. Wanda ke samar da wutarsa a harabarsa yana kauce wa wani sashe na waɗannan kuɗaɗe. Shi gas yake saye, a farashin gas. Don haka abin da ke yanke hukunci shi ne tazarar da ke tsakanin farashin yunit na lantarki da farashin gas ɗin da zai samar da shi.

A yi misali da alƙaluma zagayayyu, waɗanda kowa zai iya musanyawa da nasa. A ce gas ya iso ƙofar cibiya a kan santi 2 kowane yunit na zafi, wato kusan dala 6 a ma'aunin da Amurkawa ke sayar da shi. A injin mai kashi 42, gas ɗin yunit ɗaya na lantarki zai kama santi 4.8. A nan akwai wani ɗan tarko da kan kama sababbin shiga: masu ƙera inji suna auna ƙarfin gas ba tare da ƙirga zafin da ke cikin tururin hayaƙi ba, mai sayar da gas kuwa yana ƙirgawa, kuma bambancin ya kai kashi 10. Sai ya zama santi 5.3. A ƙara santi 1.5 na man inji, fulogogi, ma'aikata da ajiyar kuɗin garambawul, 6.8. A raba kuɗin a kan wutar injin haɗe da wadda sanyin ya tanada, sai yunit ya tsaya a kusan santi 6. In an kashe dala miliyan 25 wajen kafa tashar, kuma tana aiki awa 8,000 a shekara, to inda wutar gari take santi 12 ana tanadin sama da dala miliyan 5 a shekara, jarin ya dawo cikin shekara biyar. Inda take santi 8, wanda shi ne kusan matsakaicin abin da masana'antu suka biya a Amurka a 2023 da 2024, tanadin bai kai miliyan 2 ba, sai an yi shekara goma sha huɗu. Inda take santi 6 kuwa, kwalliya ba za ta taɓa biyan kuɗin sabulu ba. Inji ɗaya ne, gini ɗaya, amma amsa uku.

A lura da abin da misalin ya nuna. Daga 6.8 zuwa 6, shi ne duk gudummawar da zafin ya bayar. Ba ƙaramin abu ba ne in aka ninka shi da yunit miliyan 90, amma ba shi ne jigon ba. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata a fara faɗa wa duk mai niyyar zuba kuɗi: in samar da wuta da gas a harabarka bai kusa biya ba tun kafin a sa maganar zafi, da wuya zafin ya cece shi.

Sannan wanda ya kafa inji ya ɗaure kansa da farashin gas na shekara ashirin. A Turai, gas da aka saba sayarwa ƙasa da yuro 20 a kan megawat-awa a 2019 da 2020 ya haura yuro 300 a Agustan 2022, bayan Rasha ta rage abin da take turawa sakamakon yaƙin Yukiren. Gaskiya ne farashin lantarki ma ya bi shi sama, domin a kasuwanni da yawa tashar gas ce ke yanke farashi. Amma wannan kariya ba ta da tabbas. Inda wutar rana, ta iska, ta madatsun ruwa ko ta nukiliya ta yi yawa, gas na iya tsada lantarki ya tsaya inda yake. A misalin da ya gabata, in gas ya ninka, yunit zai koma kusan santi 11.

Wani abin da ke ƙara rage wa tsarin ƙarfi shi ne, bukatar sanyin kanta tana raguwa. Masu harkar suna da ma'auni da suke kira PUE: duk wutar da gini ya sha, a raba da wadda kwamfutoci kaɗai suka sha. Binciken da cibiyar Uptime ke yi ya nuna matsakaicinsa ya kai 2.5 a 2007, wato a kan kowane yunit na kwamfuta ana kashe ɗaya da rabi a sanyi da sauran hidima. A wancan zamani, wanda ya kawo sanyi daga zafin banza ya kawo babban abu. A 2024 matsakaicin ya sauko 1.56, kuma Google yana ba da rahoton kusan 1.1 a cibiyoyinsa. An gano kwamfutoci ba sa bukatar sanyin da ake ba su a da; ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta yarda iskar da ke shiga cikinsu ta kai digiri 27. A ƙasashe masu sanyi, mafi yawan shekara iskar waje kawai ake shigarwa. Sababbin kantocin kwamfutocin ƙirƙirarriyar basira kuma, irin na Nvidia da ke jan kilowat 120 a kanta ɗaya inda a da biyar zuwa goma ne, ruwa ake kai musu har kan ƙwaƙwalwarsu, kuma ruwan na iya zama mai ɗumi, digiri 40 ko sama. Irin wannan ruwa fanka da lagireto sun isa su sanyaya shi a yawancin wurare. In babu na'urar kwamfiresa da za a kashe, babu wutar da za a tanada, zafin injin ya koma abin zubarwa.

Sai dai in akwai maƙwabci. Nan ne maganar ginin Syracuse ta dawo. Ruwa mai digiri 90 ko tururi abu ne mai kasuwa: asibiti na so, otal na so, masana'antar sarrafa abinci na so, bututun ɗumama gari na so. In aka sayar da shi a matsayin zafi, yana maye gurbin gas ɗin da maƙwabcin zai ƙona a tukunyarsa kusan ɗaya bisa ɗaya, a nan ne kashi 80 ɗin nan yake zama na gaske. Matsalar ita ce, cibiyoyin bayanai sun fi son bayan gari inda fili ke da araha, kuma bukatar ɗumi ta lokacin sanyi ce, inji kuwa ba ya hutu. Bugu da ƙari, cibiyar tana da nata zafin da take neman mai karɓa. Cibiyar Meta da ke Odense a Denmak tana tura zafin kwamfutocinta zuwa gidaje, kuma dokar da Jamus ta yi a 2023 ta tanadi cewa sababbin cibiyoyi daga Yulin 2026 su sake amfani da wani kaso na zafinsu. Zafin kwamfuta bai kai na inji daraja ba, sai an ƙara ɗaga shi da na'ura mai shan lantarki, amma maƙwabcin ɗaya ne, kuma abin da zai iya ɗauka yana da iyaka.

Masu tallan tsarin suna kuma cewa yana kare cibiya daga ɗaukewar wuta. Yana iya yi, amma da tsada. Inji na bukatar a kashe shi don sabis, kuma bayan awa kusan dubu 60 sai an yi masa babban garambawul. Cibiyar bayanai kuwa ba ta san kashewa ba. Ko dai a sayi injina fiye da bukata, ɗaya ko biyu suna zaune suna jira, ko a bar layin wutar gari a haɗe, kamfanin wuta kuma ya riƙa karɓar kuɗin zaman jira kowane wata ko ba a ja yunit ɗaya ba. Wannan kuɗi kaɗai ya isa ya cinye ribar ƙaramin aiki. Injin gas ba ya ɗaukar nauyi farat ɗaya kamar janaretan dizal, wanda ke tashi ya karɓi kaya cikin daƙiƙa goma, don haka batura ba sa fita daga lissafi, balle ga kwamfutocin koyar da ƙirƙirarriyar basira da wutarsu ke hawa da sauka cikin ƙiftawar ido. Dizal kuma ana ajiye shi a tanki, gas kuwa ta bututu yake zuwa. A Fabrairun 2021, lokacin da matsanancin sanyi ya afka wa Teksas, rijiyoyin gas da na'urorinsu sun daskare, tashoshi suka rasa abin ƙonawa, miliyoyin mutane suka kwana a duhu. Shi ya sa da yawa daga waɗanda suka kafa injin gas ba su sayar da janaretocinsu na dizal ba.

Duk da haka, a 'yan shekarun nan ana rububin kafa tashoshin gas a harabar cibiyoyi, har manyan masu ƙera tabain, GE Vernova da Siemens Energy da Mitsubishi, suka cika da oda ta shekaru. Dalilin ba rahusa ba ne, jira ne. A arewacin jihar Bajiniya, inda cibiyoyin bayanai suka fi taruwa a duniya, kamfanin wuta na Dominion ya bayyana a 2024 cewa manyan cibiyoyi na iya jiran har shekara bakwai kafin a haɗa su. A yankin Dublin, a 2022, an kusan dakatar da haɗa sababbi gaba ɗaya. Kamfanin da ya sayi kwamfutocin biliyoyin daloli, waɗanda darajarsu ke zubewa cikin 'yan shekaru, ba ya ƙirga santi ɗaya ko biyu. Wuta yake so bana. Mafi yawan abin da ake kafawa cikin wannan gaggawa ba ya tare zafi ko kaɗan. Injinan tabain na tafi-da-gidanka da kamfanin ƙirƙirarriyar basira na xAI ya girke a birnin Memphis na Amurka a 2024 misali ne, kuma mazauna yankin da ƙungiyoyin kare muhalli sun yi ta ƙorafi a kan hayaƙinsu. Wasu kuma sun koma ga akwatunan Bloom Energy, masu mayar da gas lantarki ta hanyar sinadari ba tare da harshen wuta ba, irin waɗanda eBay ya kafa a Utah tun 2013. Su lantarkin da suke fitarwa ya fi yawa, zafin da za a tara bai taka kara ya karya ba.

A nan ne nake ganin hujjar tare zafi ta fi ƙarfi, kuma a nan aka fi yin watsi da ita. Wanda dole ta sa zai ƙona gas a harabarsa, ya riga ya biya kuɗin inji da bututu. Abin da ya rage kawai kuɗin na'urar sanyin ne, kuma kowane megawat da ta tanada megawat ne da za a ba ƙarin kwamfutoci, a wurin da wuta ita ce abin da ake rashi. Ga harabar da ta kai ɗaruruwan megawat, ya fi dacewa a mayar da hayaƙin tururi a juya inji na biyu, a samu lantarkin da za a iya yin komai da shi. Ga matsakaiciyar cibiya mai megawat biyu zuwa talatin, wadda ta yi ƙanƙanta da wannan, na'urar sanyin ce hanya.

Batun hayaƙi ya danganta da abin da ake kwatantawa da shi. Injin gas yana fitar da kusan giram 480 na iskar kabon a kan yunit, ya ɗan sauko in an ƙirga sanyin. Tashar kwal tana fitar da kusan ninki biyu na haka. Layin wutar Faransa, mai dogaro da nukiliya, bai kai kashi ɗaya bisa biyar na haka ba. Don haka a wani wuri injin gyara ne, a wani wuri koma baya. A ƙara da cewa injin fistin yana sakin ɗan gas ɗin da bai ƙone ba, wanda galibinsa metan ne, kuma iskar metan ta fi kabon ɗumama duniya da kusan ninki 80 cikin shekara ashirin na farko. Layin wutar gari yana ƙara tsabta kowace shekara a ƙasashe da yawa, inji kuwa yadda aka saye shi haka zai tsufa. Alƙawarin cewa wata rana zai ƙona haidurojin bai kamata ya shiga lissafin kuɗi ba, tunda haidurojin mai tsabta har yau ya ninka gas tsada sau da yawa.

Waɗanda suka ci riba da tsarin galibi ba su yi ƙoƙarin yanke hulɗa da wutar gari ba. Sun duba bukatar sanyinsu awa bayan awa na shekara guda, suka nemo mafi ƙarancin abin da ba ya sauka ƙasa da shi ko da tsakar dare a lokacin hunturu, suka sayi injin da zafinsa ya yi daidai da wannan. Ta haka inji ke aiki da cikakken ƙarfinsa kullum, ba a zubar da zafi, sauran wutar kuma a saya. Haka bankin Citi ya yi a cibiyarsa ta Lewisham a Landan a tsakiyar shekarun 2010: injina biyu masu megawat 1.4 kowanne, haɗe da na'urorin sanyi, waɗanda aka tsara su ɗauki kusan kashi 70 na wutar ginin. Jarin ma ba daga aljihun bankin ya fito ba; wani asusun zuba jari a harkar tsimin makamashi ne ya sa kuɗin, a biya shi daga abin da aka tanada.